Ragon Baffa da Murhun da Na Hana a Buɗe

Edita, ina roƙon fili a mujallarku in sauke wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. A shekarun da kuɗin man fetur ya fara yawo a hannun mutane, jiharmu ta Sakkwato tana sabuwa, ni ɗan kasuwa ne a Tambuwal. Ban gaji ko allura ba. Da tallar batir da tocila na fara, ina bin kasuwannin Dogon Daji da Jabo a kan keke, har Allah ya sa na buɗe shago ina sayar da rediyo da keken ɗinki da injin niƙa da janareto. An shaide ni da cewa ba na sayar da abin da ban gwada ba. Ina ji da wannan shaida ƙwarai, kuma ita ce ta kai ni ta baro.

A wata tafiya Ikko, mutumin da nake sarin kaya wurinsa ya nuna mini wani murhun gashin nama da bai daɗe da saukowa daga jirgi ba. Kamar ganga yake a kwance, da murfi da ɗan bututun hayaƙi. Ba ya cin gawayi ko itace. Abincinsa wasu ƙwayoyi ne na dusar katako da aka matse, a zuba su a mazubi, wani ƙarfe mai murɗawa kamar na injin niƙa ya riƙa tura su kaɗan-kaɗan cikin wuta, ƙaramar fanka tana hurawa. Mutumin ya ja mini kunne kan abu biyu, kada ƙwayoyin su ga ruwa, kuma kada a yawaita buɗe murfi don zafi na tserewa. Na sayi guda na gwaji, da alkawarin in ya karɓu ni zan zama dillalinsa a yankinmu. Da na dawo na tada janareto na gasa kaji biyu da cinyar akuya. Gaskiya ban taɓa cin gashi mai laushi irin wannan ba, nama na saɓulewa daga ƙashi, ga ƙanshin hayaƙi, ba toka ba ƙuna. Gwajin ke nan da na yi, sau ɗaya, da rani, da naman da bai cika faranti ba. Amma na shiga gari ina cewa na gwada.

Asalinmu mutanen Kebbe ne. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, wansa ne ya rene ni, Baffa, malami mai karantar da manyan littattafai a zaurensa, mutumin da ba a taɓa jin ya nemi wani abu don cikinsa ba. A unguwarmu, in an yi layya ba kowa ke gashinsa a gida ba. Ana feɗe raguna a buɗe su a tsire a kan sanduna, a jingina su kewaye da wuta guda babba a ƙofar gidan Baffa, kowane gida ya kawo itacensa. Haka za su wuni suna tsanewa, ana juya su ana hira. Sai washegari a yi rabo. Ragon Baffa kuwa shi da kansa yake kiwonsa tun daga shekara, kuma akwai gidajen da suka san nasu na ciki: tsofaffin matan da mazansu suka rasu, wani makaho a bayan masallaci, da maƙwabtan da ba su samu halin yanka ba.

Ana saura kwanaki Sallah na je na same shi. Na ce masa na lura haƙoransa sun yi rauni, bara ko tsoka ɗaya bai iya taunawa ba, don haka na sayo murhu musamman saboda shi. Ƙarya nake yi. Abin da ke raina shi ne ranar Sallah ma'aikatan ƙaramar hukuma da malaman makaranta da na asibiti duk suna gida hutu, aljihunsu da nauyi, kuma duk wanda ya ga an gasa ragon malam a cikin abin nan ba zai tambayi wata shaida ba. Baffa ya ce shi bai saba raba ragonsa da na jama'a ba, amma tunda ɗansa ya yi wahala dominsa ba zai watsa masa ƙasa a ido ba.

Sallar ta faɗo ƙarshen damina. Na ɗora murhu da janareto da buhunan ƙwayoyin a bayan a-kori-kura, ruwa ya kama mu a hanyar Kebbe. Na taɓa buhunan na ji sun yi sanyi, na ce a raina sama-sama ne. Ranar Sallah bayan an sauko idi aka yanka, sai ga matsala ta farko, rago ba zai shiga a buɗe ba. Na sa aka sassara shi gunduwa-gunduwa na jibga wani kan wani har murfi na rufuwa da ƙyar. Taubashina, wanda ba ya raga mini, ya leƙa mazubi ya tambayi jama'a ko yanzu har kashin awaki ake sarowa daga Ikko, ya ce da na faɗa masa da ya share mini garkensu kyauta. Ya kuma ce shi bai taɓa ganin an sa rago a makara bayan an yanka shi ba. Aka yi ta dariya, ni ma na yi, na ce masa ya tanadi yawunsa zuwa gobe. Na kafa doka cewa ba mai taɓa murfin sai ni.

Da fari hayaƙi ya tashi, ƙanshi ya bugi hancin mutane, baƙina, ma'aikatan nan da na gayyato, suka zauna a kan tabarmi suna tambayar farashi. Bayan azahar hayaƙin ya ragu, sannan ya ɗauke. Janareto na ruri, fanka na kuka, don haka ba wanda ya kula sai Inna, matar Baffa, da ta aiko a tambaye ni ko lafiya ta daina jin ƙanshi. Na aika mata cewa haka gashin zamani yake, ba ya hayaƙi. Wajen la'asar, da mutane suka tashi alwala, na ɗaga murfin. Wuta ta mutu tuni. Ƙwayoyin da suka sha ruwa sun kumbura sun koma dusa sun toshe ƙarfen. Naman na nan jibge, ɗumi-ɗumi, ya yi fari yana gumi.

A nan ne laifina yake, ba a ruwan sama ba. A lokacin naman bai ɓaci ba. Wutar unguwa na ci bal-bal a gabana, ragunan mutane sun yi ja suna ɗigar da kitse. Da na kwashe na kai can na ce jama'a ku taimaka abin ya ƙi, da an tsire shi an cece shi, iyakarta taubashina ya samu abin faɗi na shekara. Amma na hango baƙina suna dawowa, ɗaya har ya riga ya ce in ajiye masa guda. Na mayar da murfin na rufe. Da suka tambaya na ce komai na tafiya daidai. Na zauna a gefen murhun har magariba ina zuba musu bayani. Da aka watse na saci garwashi a shebur na zuba a ƙasan gangar, na barbaɗa yaji, na bar shi ya kwana a rufe.

Da safe bayansa ya yi ja kamar abin kirki. Inna ta sa wuƙa ta tsaga cinya, sai ta kau da kai ta toshe hanci da gefen mayafi. Cikinsa ya canza launi har ƙashi. Ta kira Baffa. Ya zo ya duba, ya yi salati, ya ce a haƙa rami a bayan gida a binne kada yara ko karnuka su ci. Na ce zan sayo wani rago yanzu-yanzu tunda kwanakin yanka ba su fita ba. Ya ce layyarsa ta riga ta yi, Allah ya karɓa, wanda zan sayo nawa ne, in na ga dama in yi sadaka da shi. Sannan ya ce in ɗauko takalmana in raka shi.

Gida-gida muka bi, duk inda ake jiran rabonsa. Naman da maƙwabta suka aiko masa na gaisuwar Sallah shi ya sa aka ƙulla ƙanana-ƙanana, ina riƙe da kwanon. A kowace ƙofa sai ya yi sallama ya ba da haƙuri, ya ce bana kwaɗayin tsufa ya kama shi, ya so nama mai laushi ya raba ragonsa da na jama'a, ga abin da ya jawo, kada a ga laifin yaron. Wata tsohuwa ta yi dariya ta ce ashe malam ma yana da maƙogwaro, Allah ya sa iyakar asarar ke nan. Makahon nan ya karɓi ƙullinsa ya jinjina a hannu, ya yi godiya. Ni kuwa ina tsaye a bayan Baffa, ƙato da ni, da babbar riga da agogo, bakina a rufe. Kalma ɗaya ta isa in wanke shi, ban furta ba, don ina tunanin in aka ji ni na ɓoye mutuwar wuta ba mai sake yarda da kayana. A hanyar dawowa bai dube ni ba, ya ce a hankali cewa ya ga lokacin da na ɗaga murfin da la'asar, ya yi ta jira in yi magana. Bai sake tada zancen ba har ya koma ga Allah.

Murhun ba shi da laifi. Daga baya na gyara shi, da busassun ƙwayoyi da nama daidai cikinsa yana aiki lafiya. Kasuwata ma ba ta girgiza ba, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai, domin da mutuncin Baffa aka saye ta. Har yau in tsofaffin unguwarmu na hira, sai ka ji an ce shekarar da malam ya yi kwaɗayi. Da wasa suke faɗi, amma jikokinsa na ji, kuma mutumin da ya shekara sittin da wani abu bai roƙi loma ba shi aka laƙaba wa wannan.

Ina kira ga 'yan'uwana 'yan kasuwa, gwaji ɗaya ba gwaji ba ne, kuma kada ku gwada sabon kaya a kan abin da ba naku ba, balle a kan ibadar wani. In abu ya lalace a hannunku, ku faɗa tun ana iya gyarawa, kunyar sa'a guda ce. Mutanen Kebbe da suka san wannan labari za su gane ko su wa nake nufi. Ku shaida, malam bai yi kwaɗayi ba. Ni na yi, kuma ni na yi shiru.