Azarar da Baba Ya Hana Ni

Jiya na je Zoza gaida ƙanena. Ina zaune a ɗakinsa, na ɗaga kai, sai ga azarar marigayi Baba, baƙa wuluk, ko gara ba ta taɓa ta ba.

Baba magini ne. Ba ya ɗora azara sai ya ƙwanƙwasa ta da ƙotar gatari, ya kasa kunne, ya ji ko giginyar ta ƙosa.

Shekarar da muka tashi gini ni da ƙanena, azara masu kyau guda takwas suka rage masa. Har na share musu wuri, sai ya kai wa ƙanena duka.

Na ce, "Baba, ni fa?"

Ya ce, "Kai ma'aikaci ne, sayi katako da kwano. Shi fa ni kaɗai gare shi."

Sau biyu iska tana yaye rufina. Nasa ko tsagewa bai yi ba. Ba zan ɓoye ba, har yau abin yana cina: shi yana kwana ƙarƙashin aikin hannun Baba, ni ƙarƙashin kayan kasuwa.

Allah Ya yafe mini, Baba, Ya sa kabarinka ya fi ɗakin ƙanena sanyi.