Bayan Inna

Cikina na fari na yi shi ne a wani ƙauye kusa da Tabla, tun Faransa na mulki. A lokacin mace ba ta faɗin cikin fari, ko da ya kai mata haɓa. To tunda babu ciki a baki, ciwon da ya kawo ma babu shi. Kwankwasona kuwa kamar ana tsaga shi da gatari. In na tashi daga tabarma sai na ciji leɓe, in na sunkuya ɗaukar tulu ƙafar hagu ta mutu. Akwai likita a Filingue, amma in je in ce me?

Ran nan ƙafar ta ƙi ni a hanyar rijiya, na zube, tulu ya fashe. Ban ji wa kaina tsoro ba, abin da ke cikina na ji wa. Na ce tuntuɓe na yi.

Uwar mijina, da muke kira Inna, washegari sai ga ta tana dafe da baya tana nishi, matar da ko mura ban taɓa ganin ta yi ba.

"Ɗiyag ga, tsuhwa ya kama ni. Taho ki ga yadda nika yi, ko wata rana ki yi man jinya."

Ta kwanta, ta mirgina gefe, gwiwoyi haɗe, ta tura ƙasa da hannu ta tashi. Ta ja zane ta ɗaure ƙugu tamau, can ƙasa da mara. Tulu kuma ta durƙusa ta rungumo shi, ba ta sunkuya ba.

"Ban gani da kyau ko daidai nika yi. Gwada man."

Na gwada. Har da tsumma tsakanin gwiwa in za a kwanta. Surfe ta ce ƙarar taɓarya na tayar mata da ciwo, a kai wa maƙwabta. Ƙarya ba ta iya ba, amma wata uku tana ɗingishi a gabana ba ta gaji ba. Wallahi ban taɓa son mutum kamar yadda na so ta ba.

Ban sake faɗuwa ba. Na haihu lafiya bayan kaka. Ana gasa ni da ruwan jego na ce, "Inna, yaya bayan?"

Ta ci gaba da tsoma ganye cikin tukunya. "Ya sauka lahiya," in ji ta.