Ranar da Yaya Ta Ƙi Ajiye Alli

A gidanmu "Me-ya-sa" muke kiran yayata, don tun tana 'yar mitsitsiya ba ta karɓar magana sai da dalili. Baba yakan ce in ba ta zama lauya ba, za ta zama ciwon kai. Sai ta karanta falsafa. Ajinsu maza talatin, mata biyu, ita ta zo ta ɗaya. Da ta gama digiri na uku, ta nemi koyarwa a sashen da ya yaye ta.

Sashen yana da al'ada. Mai neman aiki zai tsaya gaban allo ya kawo hujjarsa, farfesoshi su yi masa caa da tambayoyi. Wanda ya sha suka bai faɗi ba, shi ake ɗauka. Sau biyu Yaya tana tsayawa, sau biyu ana yi mata shiru. Su gyaɗa kai, su ce, "Madalla, 'yata, je ki huta." Wai kara suke yi mata, ba a tsananta wa mace. Daga baya takarda ta fito cewa ba a ga yadda take kare ra'ayinta ba. Ni kam abin ya ƙona mini rai, har na ce ta haƙura da su.

Karo na uku shi ne na ƙarshe, don shekarunta sun kusa wuce ƙa'ida. Tana gama jawabi aka fara "Madalla". Ba ta ajiye allin ba.

"Ranka ya daɗe," ta ce wa shugaban sashe, "da gangan na bar ɓaraka a hujjata. Ku bakwai ne. Ba wanda ya gani, ko tausayina ake ji?"

Wani tsohon farfesa ya cire tabarau. "Ke yarinya, mu kike gwadawa?"

"Ai gwaji na zo, Malam. Sau biyu ana hana ni."

Awa biyu suka yi a kanta. Ta dawo gida murya ta dishe, alli har a gira, tana ta dariya. An ɗauke ta.

Bara ta zauna cikin masu tambaya. Wata yarinya mai neman aiki ta gama jawabi, mazan suka fara gyaɗa kai. Yaya ta ɗaga hannu.

"Ban yarda da ko ɗaya ba," ta ce. "Koma gaban allo, ƙanwata."