Muryar Ramatu da na rantse ba zan saurara ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Labarin ya iske ni yau da safe a Mayahi, ina ɗaura lulluɓi zan fita makaranta. Ramatu ta rasu. Ɗalibata, wadda da yawanku kuka sani da waƙar jaz a Yamai, ɗiyar aminiyata Barira. Ta cika da asuba a ɗakin mahaifiyarta a Tasawa. Amosanin jinin da take fama da shi tun ƙuruciya ne ya tashi mata. Shekarunta ashirin da shida.

Kafin in faɗi alherinta wajibi ne in faɗi laifina, don kada ku yi mani zaton da ban cancanta ba.

Na yanke mata hukunci a kan abin da ban saurara ba, kuma na haɗa da rantsuwa.

Tana da shekara tara aka kawo mani ita, lokacin ina koyar da mata da ƴan mata karatun Alƙur'ani a Tasawa. Ramammiya ce, numfashinta gajere, ba ta kai rabin aya mai tsawo sai ta yanke. Ni na koya mata inda ake tsayawa, da yadda ake jan numfashi a ajiye shi, kada a zubar da shi gaba ɗaya a farkon aya. Cikin shekara biyu babu mai irin muryarta a ajin.

Shekarar da maigidana ya rasu, kullum ta taso daga lakwal, makarantar boko, sai ta biyo ta gidana. Ba ta yi mani surutu. Ta share tsakar gida, ta cika randa, ta zauna bakin ƙofa tana tilawa har la'asar. Ta yi haka har na fita takaba, kuma babu wanda ya aike ta.

Bayan na koma Mayahi ita kuma ta tafi Yamai karatu, ta taɓa zuwa gaishe ni ta ga ina nisanta littafi da fuskata. Bayan mako uku direban motar kasuwa ya miƙo mani ƙunshi, madubin ido ne a ciki, babu takarda.

Can a Yamai ta haɗu da makaɗan da ta fara waƙa da su. Da labarin ya zo mani na yi baƙin ciki, ban ɓoye ba. Na faɗa wa Barira cewa ba daidai ba ne.

Ganinmu na ƙarshe wata bakwai ke nan. Ta zo Mayahi ranar kasuwa, ta iske ni ina tsince hatsi. Sun yi wasa gaban jama'a a wani zaure a Yamai, an naɗe shi kai tsaye, an fara sayar da shi a faifai da katin memori na waya. Ta durƙusa ta ajiye kati ɗaya a gefen tabarmata.

Ta ce, "Malama, ko guda ki saurara. In ta yi muni ki hwaɗa mani, ke kaɗai ce ba ki yi mani kara."

Na ce, "Muryar da na gyara don Littafin Allah kika kai wa masu busa da tafi. Wallahi, muddin ina numfashi, kunnena ba zai ji muryarki a kan kiɗa ba."

Ta yi ɗan murmushi ta ce, "Kai, Malama, har da rantsuwa? Ai da kin bari kin ji, sannan ki rantse da hujja."

Ta ɗauke katinta. Ta ja faifan hatsin gabanta, ta ƙarasa mani tsintar, ta sha furar da na dama mata, ta yi sallama.

Ban raka ta ko bakin zaure ba.

Yau kafin motarmu ta isa Tasawa an riga an kai ta. Na shiga wurin mata na zauna kusa da Barira. Ba ta kuka, tana dai riƙe da hannuna kamar mai tsoron faɗuwa.

Bayan azahar Alhaji Sale, yayan mahaifin Ramatu, wanda yake tsaye a kan gidan tun rasuwar ƙanensa, ya tsaya bakin ƙofa ya yi magana yadda kowa zai ji. Ya ce a sanar da makaɗan su daina sayar da faifan, duk wanda yake da shi a wayarsa ya goge. Ya ce duk wanda ya saurara, nauyi ne ake ƙara wa yarinyar a kabarinta.

Ba mugun mutum ba ne. Tsoro yake ji mata, kuma da jiya ne da ni zan fara cewa ya yi daidai.

Da ya juya, Barira ta ja ni ƙuryar ɗaki.

Ta ce, "Malama, ni hwa ban taɓa jin shi ba."

Na ce, "Yaya aka yi? Ba ta kawo maki ba?"

"Ta kawo. Ke kika ce ba kyau, ni ko yaushe na taɓa saɓa maki? Na ce ta tahi da abinta." Ta dube ni. "Yanzu in an goge, shi ke nan, ɗiyata ta tahi ban ji abin da ta yi ba. In an bari, ana cewa wahala za ni ja mata. Ke kika yi karatu. Mi ke ciki? Hwaɗa mani in huta."

Shekara ashirin ina koya wa mata cewa mutum ba ya shaida a kan abin da bai gani ba, bai ji ba. Ga uwa tana neman shaidata a kan ɗiyarta, ni kuwa abin da nake da shi zato ne kawai. Da zaton nan na toshe kunnena, ashe har da nata.

Na nemi hanyar kauce wa rantsuwata in saurara, kuma ina jin kunyar faɗar haka. Na ce a raina ko a yanke mani kiɗan a bar maganarta kawai. Na ce ko rantsuwar ta faɗi tunda wadda na yi wa ta tafi. Amma na san abin da bakina ya furta: numfashina na ambata, ba nata ba.

Na aika a kira mani Lawali, ɗaya daga cikin makaɗanta, magidanci mai furfura a gemu. Ya zo duba ta kwana uku da suka wuce, rasuwar ta riske shi nan. Ya tsaya nesa, kansa a ƙasa.

Na ce, "Wasan nan yana wayarka?"

Ya ce, "Yana nan, Malama. In gogewa ne, don Allah a bar ni in kai Yamai tukuna. Hannuna ba ya iyawa yau."

Na ce, "Saurara zan yi."

Ya ɗago ya dube ni. Ya ce, "Ta ce mani kin rantse."

Na ce, "Ta faɗa maka gaskiya. Ba ni."

Bayan la'asar na zagaya bayan ɗaki, wurin turken awaki, na zauna a kan turmi na sa wayar kunne. Na san ranar ba ta dace ba, wurin ma bai dace ba. Amma an ce kafin magariba za a fara gogewa.

Tun safe kuna tambaya a ƙarƙashin sanarwar rasuwarta a intanet ko faifan nan ya cancanci a saya. Wasu kuma suna zagi. Zan faɗi abin da kunnena ya ji, ba ƙari.

Waƙa bakwai ce, kusan awa guda. Naɗin ba shi da tsabta. Ana jin tarin mutane, da jan kujera, da fito. A waƙa ta biyu ganga ta danne muryarta har ban gane kalmomin ba. Akwai inda mai busa ya yi ta yawo shi kaɗai, ya hau ya sauka, na rasa abin da yake nema. Lawali ya ce mani daga baya haka jaz yake, kowa ana ba shi fili ya je ya dawo. Ni dai na gaji kafin ya dawo. Akwai kuma waƙar soyayya ɗaya da Faransanci. Babu batsa a cikinta, amma na sunkuyar da kai.

Ta huɗu da Hausa ce, a kan matan unguwarsu da ke tashi daka tun kafin rana ta fito. Duk kayan kiɗan sun yi shiru sai mai kaurin sauti guda ɗaya, yana bin ta a hankali. A nan na ji ta sosai. Tana tsayawa inda ya kamata, ta ja numfashi ta ajiye, ta kai ƙarshen jimla ba ta yanke ba. Zauren ya yi tsit.

A biyun ƙarshe numfashin ya fara gaza mata. Masu tafi ba su lura ba. Ni na lura, domin na san wannan shessheƙar tun tana shekara tara.

Wani laifin kuma: duk lokacin da ta tsaya yin magana tsakanin waƙoƙi, sai in ji ina jiran ta ambaci sunana. Ba ta ambata ba. Na tambayi kaina da wane haƙƙi nake jira.

Ina cikin haka Barira ta zagayo. Ta zauna a ƙasa, ta cire ɗaya daga kunnena ta sa a nata. Na mayar mata baya kaɗan, zuwa gab da waƙa ta huɗu, inda Ramatu ta yi wa jama'a magana da Faransanci sannan ta juya harshe ta ce:

"Inna, in kin ji wannan, na ci abinci. Kada ki tambaya."

Zauren ya fashe da dariya.

Barira ta ce, "Ƙarya take. Ba ta ci ba. Ji muryarta." A nan ne kukan da ta riƙe tun asuba ya zo.

Da ta natsu na ce mata, "Ban ji abin da zan tsaya gaban Allah in yi shaida da shi a kanta ba, sai kiɗan kansa, shi kuwa malamai sun yi magana a kansa fiye da ɗaya. Ni ba mai ba da fatawa ba ce. Da na san iyakata tun farko."

Na je na sami Alhaji Sale a zaure na roƙe shi ya dakata har a yi sadakar bakwai, a tambayi waɗanda suka fi mu sani, kuma ko me aka yanke a bar wa uwar nata.

Ya ce, "Malama, ke ce da wannan magana?"

Na ce, "Ni ce, Alhaji. Na ji, kai ba ka ji ba."

Ya daɗe yana jan carbi. Ya ce na Barira ya bar mata. Sauran kuwa bai yi mani alkawarin komai ba bayan bakwai.

To, ga amsata ga masu tambaya. Mai neman abin rawa kada ya saya, ba zai samu ba. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da kiɗa ba kada ya saya, kuma kada ya zage ta. Tawa ma ba ta gama natsuwa ba. Wanda yake son ya ji yadda yarinya marar lafiya ta yi aikinta da gaskiya har ƙarfinta ya ƙare, waƙa ta huɗu kaɗai ta ishe shi. Na sayi kati ɗaya a hannun Lawali na ba Barira. Ban saya wa kaina ba, kuma ban san ko zan sake saurara ba.

Abin da ya fi yi mani nauyi shi ne, ta roƙe ni in faɗa mata inda ta yi kuskure. Yau na san wuraren, na san inda ta yi kyau, babu wadda zan faɗa wa.

Ya Allah, Ka gafarta wa Ramatu. Ka sa ciwon da ta ɗauka tun tana ƙarama ya zama kankarar zunubanta. Ka yalwata mata kabarinta, Ka karɓi tilawarta da hidimarta, Ka yafe mata abin da Ka sani mu ba mu sani ba. Ka ba Barira haƙuri. Ni kuma Ka yafe mani saurin harshe.

Duk wanda ya karanta wannan, ina roƙonsa ya yi mata addu'a kafin ya rubuta ra'ayinsa. In da sauran wuri, ya sa ni ciki.

Rantsuwata kuwa ban cika ta ba. Na karya ta yau bayan la'asar, ina sane, babu wanda ya tilasta mani. Gobe in Allah ya kai mu zan ciyar da miskinai goma.