Dutsen da Ya Hana Mu Sauka

Ana idar da sallar asuba muka bar Maska a kan babur, ni da mahaifiyata. Yayana ne ke kwance a asibiti can Adamawa, inda ya daɗe yana fataucin masara, kuma matarsa ta ce ba wanda yake kira sai Inna. Tsohuwa ba za ta jure wunin mota ba, shi ya sa muka nemi jirgi daga Kano.

Ruwa ya kwana yana zuba, hanya duk taɓo har Funtuwa, inda muka shiga mota. Daga Bakori zuwa Malumfashi masara ta yi goyo, auduga ta yi kore shar, amma ban ga Inna ta kalli gona ko ɗaya ba. Ƙosan da na sayo mata a tasha yana hannunta har Gwarzo. Sau ɗaya ta yi dariya, lokacin da ma'aikaciyar jirgi ke ɗaure mata bel. Ta ce, "'Yar nan, ai ba guduwa zan yi ba."

Da muka doshi sauka a Adamawa, hadari ya rufe ko'ina, ta taga ba ka ganin komai sai fari. Na ji tayoyi sun fito. Sai kawai injin ya yi ruri, hancin jirgin ya ɗaga sama, wani nauyi ya danne mu a kujera. Salati ya kaure. Inna ta damƙe hannuna har farcenta ya shige ni.

Can matuƙin ya yi magana da Turanci, muryarsa a natse, ni kuma ina fassara mata. Ya ce na'urar da ke auna tazarar jirgi da ƙasa ce ta yi gargaɗi akwai dutse a gabanmu. Ƙa'idarsu kuwa, idan ta yi ƙara ba a tsayawa leƙe ko gardama, sama ake yi nan take. Ya zaga ya sake gwadawa, gajimare bai buɗe ba. Ya ce man jirgin ba zai kai mu dogon jira ba, Kano za mu koma.

"Ka gaya masa ɗana yana ƙasa," in ji Inna. "Ya ƙara gwadawa, sau ɗaya tak."

"Inna, ba a barin kowa ya je wurinsa."

Ta saki hannuna.

Muna sauka Kano na kunna waya, saƙon matar yayana ya shigo. Ya cika, za a kai shi bayan la'asar. A bakin ƙofar jirgi matuƙin na tsaye, dattijo mai furfura, rigarsa sharkaf da gumi. Ban gaya wa Inna ba tukuna, amma ta karanta a fuskata. Ta tsaya gabansa ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ka tsirar da 'ya'yan mutane." Ya rusuna mata, bai san me ya faru ba.

Muka kwana gidan dangi, washegari muka iso Maska muka tarar an shimfiɗa tabarmin zaman makoki.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba daɗi. Mutum zai yi maka daidai, ya ceci ranka, ka dawo gida da ciwon da ba wanda za ka ɗora wa laifinsa. Kullum Inna tana tambayata ko yayana yana da rai sa'ad da muke shawagi saman garin. Na duba lokacin da aka turo saƙon, sai bayan mun juya Kano ya cika. Yana da rai. Har yau ce mata nake ban sani ba.