Sista Rahila da Allurar Sallama

Kullum da safe, kafin masunta su gama sauke kifi a bakin ruwan Yelwa, Sista Rahila Enoch ta riga ta isa ɗakin nan na ƙarshen asibiti, wanda ko masu shara kewaye shi suke yi. Sai ta sa riga kan riga, safar hannu kan safar hannu, ta rufe fuska har ba a gane ta sai a tafiya. Kafin ta tura ƙofa takan tsaya ta yi addu'a, don ba ta taɓa ɓoye cewa tana tsoron ɗakin ba. Masu zazzabin Lassa ake jinya a ciki, ciwon da ɓera ke bar wa mutane a hatsi da shanya, ya fara kamar zazzabin sauro, wani ya ƙare da jini ta hanci da baki.

Akwai allurar da ake yi wa masu ciwon ta jijiya, amma an fi ganin amfaninta in an zo da wuri. Mu kuwa mun san halinmu. Sai mun gama da mai kemis, mun gama da jiƙo, mun ga mutum ya daina gane kowa, sannan mu fara neman mota. A yi allura yau, gobe a fito da gawa, gawar ma a hana dangi taɓawa. Daga Shanga har Wara magana ta bazu cewa allurar ce ke ƙarasa mutane, har aka raɗa mata suna allurar sallama. Aka koma ɓoye marasa lafiya a ƙuryar ɗaki.

Ana cikin haka wani majinyaci ya fizge hannu, allurar da ta fito daga jikinsa ta huda safar Rahila. Ba a daɗe ba zazzabi ya rufe ta, gwaji kuma ya tabbatar. Ta kwanta a gadon da ta sha kwashe zanen mamata a kansa. Duk alamomin ta san su, ta san wadda ke bin wata, ta riƙa taɓa dasashi da harshe tana jiran ɗanɗanon jini. Tsoro ya kama ta ba kaɗan ba.

Tana kwance labarin Mamuda ya iso mata, wani masunci daga wajen Wara da ƙanensa Atiku ya rasu a hannunta. Matar Mamuda, Hansatu, ta fara zazzabi, shi kuwa ya sa ta a kwalekwale ya kai ta wani tsibiri ya ɓoye. Rahila ta aika a roƙo shi ya zo, ta sa aka jawo gadonta jikin taga. Ya zo ya tsaya daga waje, fuska a murtuke.

"Mamuda, ina Hansatu?" in ji ta.

"Tana inda ba ku kai gare ta, Sista. Kun amshe min ƙane, ba ni ba ku uwaɗ ɗiyana."

"To tsaya ka gani."

Ta miƙa hannu, abokiyar aikinta ta ɗaura mata allurar. Duk wanda ke bakin tagar ya gani.

"Irin wadda anka yi ma Atiku ta?" Mamuda ya tambaya.

"Ita ce."

"To bari in gani. In kin tashi sai in kawo ta."

"In ka jira ni ka makara, kamar yadda anka makara da Atiku. Ni ma tsoro nika ji, Mamuda, ban san ko ina tashi ba. Amma da guba ta, ka ga na miƙa hannuna?"

Ya juya ya tafi. Wunin nan Rahila ta yi shi idonta a kan ƙofar asibiti, zazzabi na kaɗa ta, tana tunanin ko korar shi ta yi ke nan. Da la'asar sakaliya sai ga shi a babur, ya ɗaure Hansatu da zane a bayansa don kada ta faɗi.

Hansatu ta tashi, yau haka tana can kasuwar Wara tana suyar kifi. Rahila ma ta tashi, amma ciwon ya tafi da kunnenta na hagu, bai dawo ba. Tana samun ƙarfin ƙafa ta koma ɗakin nan.

Sista Rahila, ke ce kika kwanta a gaban jama'a da tsoronki a fili, don wata ta rayu. Bana za ki ajiye aiki, kuma mun gode, Allah Ya saka miki. Ciwon dai yana nan, ɓeraye ma suna nan cikin rumbunanmu, don haka wanda zazzabi ya ƙi saki a gidansa ya yi abin da Mamuda ya yi a ƙarshe, ya kawo mara lafiya asibiti, kada ya jira ya ga ko wani zai tashi. In kun haɗu da ita a hanya za ku yi mata godiya, ku koma ta hannun damanta, ku ɗaga murya.