Ba Za a Rufe Filin Hashimu Mai Gurmi Ba

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Ranar Laraba, 14 ga watan Mayu 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran Hashimu Mai Gurmi, ɗan Barmu, a gidansa da ke Tawa, bayan jinyar wata biyu. Shekarunsa saba'in da ɗaya.

Baba Hashimu, ni ce Raƙiya, wadda ta yi shekara goma sha tara tana juya maka na'ura a filinka na radiyo, “Kiɗan Adar”. Ina rubutu da hawaye, amma ba da sanyin jiki ba, don ba haka ka koya mini ba.

Kai makaɗin 'yan kokawa ne, sai dai ba ka mai da filin nan naka kai kaɗai ba. Kakan ɗaura rakoda a bayan babur ka nufi Takanamat ko Tebaram, ka zauna ƙasa gaban tsofaffi, ka ɗauko waƙoƙin daka da na noma a kasat. Ba ka taɓa sa waƙa ba sai ka faɗi sunan mai ita da na garinsu.

Ba na manta shekarar da ka kawo Tanna, tsohuwar Buzuwa mai goge daga arewacin Tebaram. Wasu suka yi ta bugo waya suna cewa fili na Hausa ne. Ka buɗe makirho ka ce, “Rijiya guda muka sha da ita. Wanda kunnenai ya yi ma ciwo, shi kashe radiyonai.” Mako huɗu a jere ita ka sa. Tanna ta rasu bayan damina. Ba don kai ba, da gogenta ya bi ta kabari.

Da ciwo ya kwantar da kai, na zo gaishe ka. Ba ka yi mini zancen jiki ba. Cewa ka yi, “Ɗiyata, kasat ɗin nan amanar mutane ce.”

To Baba, ga abin da ya faru. Kwana uku da rufe ka, sabon darakta ya kira ni. Ya ce matasa ba sa sauraren kiɗan tsofaffi, filin ya ƙare, a kwashe kasat ɗari shida a zuba sito. Sito inda gara ta cinye takardu bara! Na ce masa, “Ranka ya daɗe, sai dai a kore ni.” Ya ce in yi tunani. Na ce na gama.

Ranar Lahadi na shiga kasuwa na gaya wa mutane. Litinin da safe ƙofar radiyo ta cika: 'yan kokawa, masu tallan nono, direbobin Barmu, har da matasan da aka ce ba sa ji. Ba wanda ya ɗaga murya. Zama suka yi cikin rana har azahar, sai da darakta ya fito da kansa ya ce fili na nan. Jibi Alhamis, ƙarfe huɗu, ni zan buɗe shi.

Ina miƙa ta'aziyya ga Inna Azumi, matarka, da 'ya'yanka Yunusu da Haula, da dukan mutanen Barmu. Allah ya ba mu haƙurin rashinka. Allah ya jiƙanka, ya yafe kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Mu kuma, in tamu ta zo, ya sa mu cika da imani.